Da gaske direban tirela baya ganin mai mashin da ke gefenshi?

Wani ƙanenmu daga Daura ya turo man tambaya, yace abokinshi ɗan kabu-kabu ne tirela ta take mashi mashin wajen shan kwana, Allah ya tsare rai amma ƙafa ta karye, direban kuma yana ta rantsuwa wallahi bai ganshi ba. Shine yake tambaya wai da gaske mutum yana zaune can sama ace baiga mashin guda da mutum a kai ba, ko dai maganar kare kai ce? Kuma in da gaske ne, akwai yadda ake auna abinda direba ke gani da wanda baya gani?

Toh ƙanena, Allah ya ba abokinka lafiya ya sa kaffara ne. Na daɗe ina jan babbar mota kafin in koma aikin da nake yanzu na gwada direbobi da duba motoci kafin su fita lodi, don haka maganar nan ta cikin gida ce a wurina. Eh, da gaske ne, mutum yana iya kasancewa daf da ƙofar tirela da mashin ɗinshi harda fasinja direba bai san da zamanshi ba. Amma wannan bai wanke direban ba, bai kuma wanke mai motar ba, saboda wurin da ba a gani ɗin nan ba gaibu bane, ana aunashi, kuma galibin motocinmu mu da hannunmu muke ƙara mashi faɗi.

Tsayin nan da kake ganin ya kamata ya taimaki direba shine yake cutarshi. Wanda ke sama yana hango nesa sosai, mota tana can kilomita guda ya ganta, amma abinda ke ƙarƙashin hancinshi ya ɓace mashi. Bari in yi maka lissafi da misali, lambobin zasu ɗan bambanta daga mota zuwa mota amma tsarin ɗaya ne. Ace idon direba yana mita 2.6 daga ƙasa, bakin tagar ƙofar dama kuma yana mita 2.1, tsakanin idonshi da tagar nan akwai kamar mita 2 tunda shi yana can hagu. Kaga layin ganinshi yana sauka rabin mita a cikin mita 2, wato santimita 25 a kowace mita. Mai mashin in yana zaune kanshi baya wuce mita 1.5. Kenan sai yayi nesa da ƙofar da kusan mita 2 da rabi kafin direba ya fara ganin ƙolin hularshi ta tagar. Yaro ɗan firamare mai tsayin mita 1.1 sai yayi mita 4. Kwaltar kanta sai bayan mita 8. Yanzu ka tuna yadda 'yan kabu-kabu da masu Napep ke liƙewa jikin mota in an tsaya a danja ko gosulo, har wani ya dafa bodin da hannu, kaga duk suna cikin wurin da in ba madubi ba babu abinda zai nunasu.

Abinda yasa kullum dama ce tafi kisa shine tun watan Afrilu na 1972 da ƙasar nan ta koma bin hannun dama sitiyari ya koma hagu. Ta hagu direba yana iya leƙo kai ta taga yaga har taya. Ta dama faɗin kan motar duka ya shiga tsakaninshi da titi, kuma dama ɗin nan ce gefen da masu mashin, masu keke, 'yan talla da masu tafiya a ƙasa suke. Hukumar da ke kula da manyan motoci a Amurka tana koya ma mutane cewa su ɗauka direba baya ganin ƙafa 20 a gabanshi, kusan mita 6 kenan, da ƙafa 30 a bayanshi, kusan mita 9, da layi ɗaya ta hagu, amma ta dama layi biyu cur. Nasu motocin galibi masu dogon hanci ne irin Mack, shi yasa na gaban yayi yawa haka. Irinsu DAF da MAN da Howo da suka cika titunanmu basu da hanci, nasu na gaba bai kai haka ba, amma kar wannan ya ruɗeka, gilashinsu yana sama sosai, yaro mai tallar fiya wata ko almajiri in ya bi ta gindin bamba zai tsallake daga wannan gefe zuwa wancan direba baiga ko inuwarshi ba. Wannan shine yake faruwa a shingen bincike da bakin kasuwa, mota tana tsaye, an ɗaga ma direba hannu ya tafi, ya duba gaba yaga fili ya saki birki.

Yanzu maganar kwana, wadda ita ce ta abokinka. Tayoyin bayan tirela basa bin sawun na gaba, yankewa suke ta ciki. Kamar mutum ne ya ɗauko doguwar azara a kafaɗa zai shiga da ita soro mai kwana, dole ya buɗe sosai in ba haka ba wutsiyar ta doki bango. Don haka direban da zai sha kwanar dama sai ya fara buɗewa hagu. Mai mashin da ke baya sai yaga fili ya buɗe ta dama, a zatonshi motar hagu zata yi ko kuma hanya aka bashi, sai ya kutsa. Da kan motar ya karya dama filin nan yake rufewa, kuma abin takaicin a daidai wannan lokacin madubin dama ya daina nuna titi, jikin bodin kawai yake nunawa saboda kai da bodi sun lanƙwashe. Mutum yana tsakanin bodi da kwalbati, tayoyi na zuwa, direba yana kallon madubi yana ganin tampol ɗinshi. Ko ihu akayi ba lallai yaji ba, injin yana ƙarƙashin kujerarshi, kuma nauyin mashin a ƙarƙashin mota mai tan 30 ko 40 ko a sitiyari bazai ji ba.

Akwai wani kuma da ko tsofaffin direbobi basu cika lura dashi ba, ginshiƙin da ke riƙe gilashin gaba da kuma kwanon madubin kanshi. A shataletale in mashin yana tahowa kai ma kana matsawa, yana iya zama a bayan ginshiƙin nan duk tsawon lokacin, kuna tafiya tare a kusurwa ɗaya, sai ya ɓullo maka a gaban taya. Maganinshi kawai direba ya riƙa motsa jiki, ya sunkuya gaba ya koma baya kafin ya shiga.

Toh ga yadda muke aunawa, kuma baya buƙatar wata na'ura. Tef ɗin awo irin na magina, gora ɗaya, toka ko farar ƙasa a roba, buhu biyu, da mutum biyu. A samu fili a miƙe, a aje motar kai da bodi a saiti. Direban da ke jan motar shi zai zauna, ba wani ba, ya gyara kujera yadda yake tuƙi, bayanshi a jingine, kar ya miƙa wuya don yaci jarabawa. A gorar nan a ɗaura jan tsumma a mita 1.1, shine yaro, a ɗaura fari a mita 1.5, shine mai mashin. Zagayen farko a rufe madubai da buhu, don ana son sanin abinda ido ke gani kai tsaye ta gilashi. Mai gora ya fara daga jikin bamba yana ja baya a hankali, direba yana ganin farin tsumma ya danna oda a zuba toka a wurin, a cigaba har yaga jan shima a zuba. A matsa taku ɗaya gefe a sake, haka haka har a zagaye gaba da ƙofar dama da ƙofar hagu. In aka haɗa ɗigon tokar nan zaka ga zane ya fito a ƙasa, kuma wallahi duk wanda na taɓa yi ma wannan a karon farko sai jikinshi yayi sanyi in ya sauko yaga girman na dama. Zagaye na biyu a cire buhunan, mai gora ya shiga cikin zanen yana yawo, duk inda madubi ya kamoshi a share, abinda ya rage shine ainihin wurin da motar nan take makauniya. Na baya kuma a tsaya a bayan bodi daidai tsakiya a riƙa ja baya har direba ya hango mutum a ɗaya daga cikin madubai, a auna.

Zagaye na uku shi mutane ke tsallakewa kuma a ganina yafi sauran amfani. A karya kan motar dama kamar ana tsakiyar kwana, a kashe, a sake yawo da gorar a gefen bodi daga ƙofa har tayoyin baya. Nan ne zaka ga inda ake mutuwa. In an gama a zana a takarda da lambobin a manna a cikin motar, kuma in an canza direba a sake, don gajere da dogo ba abu ɗaya suke gani ba ko a mota ɗaya, bambancin taƙi guda a tsayin zama yana iya zama mita guda a ƙasa.

Ni da za'a bi tawa, da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motoci ta NARTO da na 'yan kabu-kabu sun haɗu da 'yan Road Safety da KASSAROTA, hukumar kula da hanya ta jihar Katsina, ko sau ɗaya a wata a wata tasha, a jera mashina a cikin zanen tokar nan, a riƙa hawar da 'yan kabu-kabun ɗaya bayan ɗaya kujerar direba suna dubawa da idonsu. Wa'azin awa guda a rediyo bai kai minti ɗaya a kujerar nan ba. Ga Jami'ar Sufuri a Daura, ɗalibanta zasu iya ɗaukar wannan a matsayin aiki su auna mana irin motocin da ke bin hanyar Kwangwalam da Jibiya mu samu namu lambobin.

Turawa ma hanyar da suka bi kenan, sai dai su da kwamfuta suke yi. A Landan tun watan Maris na 2021 duk motar da ta wuce tan 12 sai an bata taurari daga 0 zuwa 5 gwargwadon abinda direba ke gani kai tsaye ta gilashi, kuma daga Oktoba 2024 wadda bata kai taurari 3 ba sai an ƙara mata kamara da na'urar gargaɗi kafin ta shiga gari. Dalilinsu mai ƙarfi ne, abinda ka gani da ido kai tsaye kafi saurin gane shi akan wanda ka gani a madubi, musamman madubi mai doro da ke maida mutum ɗan ƙarami ya kuma nuna shi kamar yana nesa alhali yana kusa.

Kuma nan ne nake jin zafin abin. Tun wajen 2007 doka a Turai ta tilasta sabbin manyan motoci su fito da cikakkun madubai, guda 6 ake samu. Manya biyu hagu da dama, masu doro biyu da ke buɗe gefe, ɗaya a saman ƙofar dama yana kallon ƙasa daidai inda mai mashin ke laɓewa, ɗaya kuma a goshin mota yana nuna gindin bamba har mita 2. Yawancin tokumbo da ake kawo mana da su suke zuwa. Ka je garejin manyan motoci ka ƙirga guda nawa suka rage. Reshen bishiya ya cire na saman ƙofa ba'a maida ba, na goshi an kwance wai yana ɓata ma mota kyau ko an saida, babban na dama ya fashe an yanko madubin ɗaki an ɗaure da roba, wanda shi a miƙe yake baya buɗe komai kuma yana rawa in mota na tafiya. Wasu motocin daga Ingila aka kawosu da sitiyari a dama aka juyashi nan, sai a bar madubin ƙasa a tsohon wurinshi, wato yanzu yana saman kan direba inda ba'a buƙatarshi, gefen haɗari kuma fayau. Sannan ado. Labule mai tuntu a saman gilashi, sitika a ƙasan gilashi da sunan maigida da kirari, baƙar leda a tagar dama, dashbod cike da kula da filas da sallaya da takardun lodi, yaron mota ya miƙe ƙafafu a kai yana barci. Duk abinda ka ɗora a dashbod mai tsayin tafin hannu ka ƙara ma makantar gaba, kuma kai ka ƙara ba kamfani ba. Kuɗin madubi bai kai na taya ɗaya ba amma maigida zai ce a lallaɓa a dawo daga wannan lodin tukuna.

Don haka in kana son sanin gaskiyar abinda ya faru da abokinka, tambayoyin da za'a yi ba wai ya gani ko bai gani ba ne kawai. Madubin saman ƙofar dama yana nan? Mai doron yana nan kuma a saite yake? Ya kunna sigina tun da nisa, kuma fitilar siginar bodin tana kamawa ko ta kan mota ce kawai? Da wane gudu ya shiga kwanar? Ina yaron motar yake? Shi kuma abokin naka, ta dama ya kutsa bayan motar ta fara buɗewa, ko yana tsaye a wurin tun farko motar ce ta iskeshi? In yana tsaye tun farko, direban ya wuce ta gabanshi lokacin da yake iya ganinshi, wannan sakaci ne ƙarara. In kutsawa yayi, laifin ya rabu. Duk mun yarda da ƙaddara, amma ita bata hana a tambayi ina madubi yake.

Abinda nake koya ma direbobina bashi da yawa. Ka fara duba dama tun kana nesa da kwana, ka ƙirga mashinan da ke bayanka, in ɗaya ya ɓace maka daga madubi kuma baka ga inda ya fita ba ka ɗauka yana gefenka, ka tsaya. Kwanar dama a cikin gari da gudun tafiyar ƙafa ake shanta. Yaron mota ba ɗan wanke mota da sayo abinci bane kawai, shine idonka na dama, a kwana kanshi ya zama a waje. Kafin ka tashi daga inda ka daɗe a tsaye, musamman ranar kasuwa irin ta Mai'aduwa ko Caranci da ake lodin shanu da hatsi mutane na shiga ta ko'ina, yara ma har ƙarƙashin mota suke fakewa saboda inuwa, ka sauko ka zagaya da ƙafarka. Ribas kuma in da hali kayi ta hannunka na hagu inda kake ganin bodi, yaro ya tsaya inda kake ganinshi a madubi ba a bayan mota ba, kuma da ya ɓace maka ka taka birki ko da yana ta ihun zo zo.

Gudu ma yana cikin maganar gani. Littafin dokar hanya ya ba tirela da tanka kilomita 45 a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. A 60 ɗin ma mota tana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa, in ka juya kai ka dubi madubin dama na daƙiƙa biyu ka ci mita 33 baka kalli gaba ba. Mai yin 90 ya ci mita 50.

Sai yanayi, wanda zanen toka bazai nuna maka ba. Mai fita daga Katsina zuwa Daura ta Mashi da sassafe rana a idonshi take, mai dawowa da la'asar sakaliya ko mai nufar Jibiya shima haka, in gilashi ya sha ƙura ko ya tsattsage kuma waifa bata da ruwa sai gaba duk ya koma fari. Lokacin hunturu ga hazo, madubi kuma yana yin ƙura cikin awa kaɗan, sai an riƙa gogewa duk inda aka tsaya. Da dare kuma mashin marar danja da amalanken shanu basu da maraba da duhu. Idon direban kanshi ma abin aunawa ne. Hawan jinin ido yana cinye ganin gefe a hankali babu ciwo, mutum yana karanta lambar mota daga nesa yana ganin lafiyarshi lau alhali gefe ya tafi, ga yanar ido da ke sa fitilar mai zuwa ta dallare mutum. Duk direban da ya haura 40 ya kamata ya riƙa zuwa asibitin ido duk shekara, yace a gwada mashi har ganin gefe ba karatun allo kawai ba.

Sai masu mashin da Napep, ƙanena ka gaya ma abokanka kar su taɓa shiga tsakanin tirela da bakin titi ta dama, ko tana tsaye ko tana tafiya, bare kusa da kwana. In zaka wuce ta ka bi ta hagu, ka wuce da sauri kar ka jera da ita, kuma kar ka dawo gabanta sai ka bada tazara sosai. Ana cewa in baka ga fuskar direba a madubinshi ba shima baya ganinka, haka ne, amma ko ka ganshi ba lallai a lokacin kai yake kallo ba, yana da madubai da yawa da gaba da zai duba da ido biyu. In kun tsaya a danja ka tsinci kanka a gefen ƙofarshi, ko ka matsa gaba sosai har ka waiwayo ku haɗa ido, ko ka ja baya ka barshi ya tafi.

Ga masu motoci da ke tambayar kamara, tana taimakawa sosai musamman ta baya da ta gefen dama, amma a ƙurar nan tamu sai ana goge idonta kullum kuma wayoyinta suna yawan tsinkewa a mahaɗar kai da bodi, don haka a fara cika madubai tukuna. Akwai kuma wani faifan roba mai zane-zane da ake mannawa a gilashin tagar dama yana jawo hoton abinda ke ƙasa, bashi da tsada in an samu. Sannan ƙarfen kariya a gefen bodi tsakanin tayoyin kai da na baya, wanda ke ture mutum waje maimakon ya faɗa ƙarƙashi, duk mai walda da ke ƙera bodi zai iya yinshi, a dai sauko dashi ƙasa sosai, kamar rabin mita daga kwalta, kuma fuskarshi ta waje ta zama sumul babu ƙugiya ko kan noti da zai kama riga.